Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jita da Sauran Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya Don Sayarwa

Mutumin da zai sayi jita ta intanet ba zai riƙe ta ba, ba kuma zai kaɗa ta ya ji muryarta ba. Hoton da ka saka a Jiji ko Facebook ko Instagram, shi kaɗai zai kalla ya yanke shawarar ko ya kira ka ko ya wuce gaba. Na ga jitoci masu kyau sun daɗe ba a taya su ba, ba don komai ba sai don an ɗauke su a kan katifa da dare, filasha ta buga wani farin tabo a tsakiyar jikinsu.

Abu guda nake so ka riƙe kafin ka taɓa kyamara: fentin jita mai sheƙi madubi ne. Taga, ƙwan lantarki, fankar sama, kai kanka da wayar da ke hannunka, duk za ku bayyana a jikinta. Saboda haka mafi yawan aikin ba a kan jitar yake ba, a kan abin da ke kewaye da ita yake. Idan ka iya sarrafa wannan, wayar hannu ma ta ishe ka.

Kayan aiki

Waya mai kyamara mai kyau, ko kyamarar ƙwararru idan kana da ita. Sandar kafa kyamara mai ƙafa uku. Wannan ita ce abin da zan ce ka fara saya idan kuɗinka abu ɗaya kawai za su iya. Idan babu, ɗora wayar a kan kujera ka tokare ta da littattafai.

Farin yadi mara kauri, kamar zanin gado ko farin labule, na tace haske. Yadi na biyu na shimfiɗa a baya, toka-toka ko baƙi ko fari, mara zane, tsawonsa ya kai mita 3, domin ita jitar kanta tana kusan mita 1. Fararen kwalaye manya guda 2 da baƙaƙe guda 2, irin waɗanda 'yan makaranta ke zane a kai. Farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin sabon firji yana maye gurbin farin kwali, ya ma fi shi tsayuwa da kansa. Sai abin maƙale shanya da salatif.

Na tsabta: tsumma mai laushi irin na goge tabarau, ko tsohuwar singileti ta auduga da aka wanke; burushi mai laushi irin na kwalliya; ƙaramar filaya; da rula mai milimita.

Akwai wani gilashi na kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kyamara, za ka ga an rubuta CPL a kwalinsa, har da irin wanda ake maƙala wa waya. Yana taimakawa, amma ba dole ba ne.

1. Share jitar

Kyamara tana ganin ƙurar da idonka ya saba da ita har ya daina gani, musamman da hunturu. Fara da burushi: ƙarƙashin tsirkiyoyi, gefen jakin da suke hawa a kai, kewayen maɓallan ƙara murya, da kan jitar inda ake murɗa su. Sai ka bi jiki da busasshen tsumma. Idan ka fara da tsumma kafin burushi, ƙurar ce za ka goga a fenti, ta bar ƙananan zane. Inda maiƙon hannu ya kama, ɗan hura numfashi a wurin ka goge, ko ka ɗan jiƙa gefen tsumman da ruwa kaɗan.

Kada ka kusanto da fetur, kananzir, sifirit ko man goge kujeru. Wasu jitocin, musamman tsofaffi da masu tsada, fentinsu ba ya jure waɗannan, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa da sauƙi.

Idan tsirkiyoyin sun yi tsatsa, canja su. Idan babu hali, goge su ɗaya bayan ɗaya. Datse bakinsu da ya yi cirko-cirko a kan jitar da filaya. Daga nan kuma sai ka riƙa ɗaukarta ta wuya da tsumma a hannu, don kada ka mayar da shatin yatsun da ka goge.

2. Zaɓi wuri da lokaci

Nemi ɗaki mai babbar taga ko ƙofa wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye a lokacin da za ka yi aikin. Tagar da ke kallon gabas, yi aiki da ita bayan azahar. Wadda ke kallon yamma, da hantsi. Baranda mai inuwa ko bakin gareji ma sun yi. Kashe duk ƙwan lantarkin da ke ɗakin. Hasken taga da na ƙwai launinsu ba ɗaya ba ne, idan suka haɗu sai rabin jitar ya yi rawaya, rabi ya yi shuɗi, kuma babu manhajar da za ta raba maka su yadda ya kamata.

Kada ka fitar da jita tsakar rana don neman haske. Hoton zai yi muni, sannan zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe jaki da wuya, bushewa kuma tana tsaga katakon jita mai rami. Haka nan kada ka bar ta a mota a rufe kafin ka gama shiri.

3. Kafa ta

Rataya yadin baya ya sauko daga bango ya kwanto ƙasa ba tare da ka karya shi a kusurwa ba, yadda ba za a ga inda bango ya ƙare ƙasa ta fara ba. Goge shi da dutsen guga tukuna. Yamutsattsen yadi yana janye ido daga kan kaya. Tsayar da jitar a kan mazauninta, ka bar tazarar kamar mita 1 tsakaninta da bango, don inuwarta ta faɗi ƙasa, kada ta manne a bayanta.

Robar da ke jikin wasu mazaunan jita tana cin wani nau'in tsohon fenti idan suka daɗe a haɗe, don haka sa ɗan ƙyallen auduga a inda suke taɓa juna. Idan ba ka da mazauni, kwantar da ita a ƙasa kan yadi, ka cusa naɗaɗɗen tsumma ƙarƙashin wuya don fuskarta ta daidaita, ka ɗauka daga sama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jingina ta da bango haka kawai a kan tayil. Zamewa ɗaya ta isa ta karya kan jita, wurin nan ne mafi rauni a jikinta.

4. Haske, inda aikin yake

Haske yana dira a kan abu mai sheƙi ya tashi ta ɗaya gefen da irin karkatar da ya zo da ita. Wannan kaɗai ne ilimin da kake buƙata. Idan taga tana bayanka, haskenta zai bugi fuskar jitar ya dawo cikin kyamara, ka sami farin tabo. Idan tana gefe, zai buga ya wuce ta ɗaya gefen, kyamara ta ga katako da launi.

To, sa tagar ta kasance a hagu ko damar jitar, ta ɗan yi gaba da ita kaɗan. Rataya farin yadin nan mara kauri a jikin tagar. Yanzu duk faɗin yadin ya zama fitilarka, kuma gwargwadon girman fitila da kusancinta, gwargwadon laushin hasken. A ɗaya gefen, inda ya yi duhu, tsayar da farin kwali yana fuskantar taga, ya mayar da haske. Matso da shi a hankali kana kallon fuskar wayar, za ka ga gefen jitar yana fitowa daga duhu. Kada ka matsa har inuwa ta ɓace gaba ɗaya. Ɗan duhun da ya rage shi ke nuna kaurin jiki da lanƙwasar ƙugunta.

Sai ka tsaya daidai bayan kyamara ka duba fuskar jitar da kyau, ka tambayi kanka me kake gani a ciki. Daga inda kyamara take za ka duba, domin taku ɗaya gefe yana canja komai. Idan ka ga tagar, juya jitar kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, ta kau da fuska daga tagar. Sau da yawa wannan ɗan juyin shi ke nan. Idan ka ga fanka ko silin, jitar ta kishingiɗa da yawa, miƙar da ita, ko ka ɗaga kyamara kaɗan. Idan kuma kanka ka gani, ko ƙafar kyamara, ɗauki baƙin kwali ka huda rami daidai idon kyamara, ka tsayar da shi a gabanta, ta leƙa ta ramin. Jitar za ta ga baƙi kawai, baƙi kuwa ba ya nunawa a fenti, sai launin ya fito da zurfinsa. Sa baƙar riga ranar aikin. Farar shadda tana bayyana a jikin jita fiye da komai.

Amma kada ka kashe ƙyalli duka. Jitar da babu ɗigon sheƙi a jikinta sai ta yi kamar ta roba ce. Abin da ake so shi ne siririn haske mai laushi da ya bi gefen jiki tun daga kafaɗa har ƙugu, ya nuna fentin lafiya lau yake. Ana samun sa ta hanyar matsar da farin kwali gaba da baya har haskensa ya kwanta a bakin lanƙwasar kawai, bai hau tsakiyar fuska ba. A nan ne za ka fi daɗewa, kuma ya cancanci daɗewar. Ni nakan ɗauka, in faɗaɗa hoton in duba, in matsar da abu guda ɗaya tak, in sake. Idan ka matsar da abu biyu lokaci guda ba za ka san wanne ya gyara ba.

Idan kana da gilashin kashe ƙyalli, murɗa shi a hankali kana kallo, za ka ga ƙyallin fenti yana dusashewa, zanen katakon yana tasowa. Ya fi aiki idan kana kallon jitar a karkace, ba gaba da gaba ba. Ba ya kashe ƙyallin ƙarfe, don haka tsirkiyoyi da ƙarafan da ke gicciye a wuya da maɗaura, wato ƙarafan da ake murɗa tsirkiya da su, sai da kwali za ka lallaɓa su. Yana kuma rage haske, dalili ke nan na kafa kyamara a kan ƙafa.

Wanda ba shi da taga mai kyau, ko sai da dare yake samun lokaci, ya samo fitilun LED guda 2 iri ɗaya masu farin haske, ya haska su ta bayan farin yadi, ko ya juya su su bugi farin bango hasken ya dawo. Fitilar zobe da masu bidiyo ke amfani da ita kada ta tsaya a gaban jita, za ta zana da'ira a fenti. Kai ta gefe, bayan yadi. Idan ka ga layuka masu duhu suna ratsa hoton, ƙyaftawar wutar lantarki ce, wadda a Najeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100, yawanci layukan sukan tafi.

5. Saita kyamara

Goge idon kyamarar wayar, abin da aka fi mantawa da shi ke nan. Kashe filasha. Ja da baya mita 2 zuwa 3 ka yi amfani da 2x ko 3x idan wayar tana da idon da ke jawo abu. Idan ka tsaya kusa da 1x, ko mafi muni 0.5x, jikin jitar zai kumbura, wuyan ya tsuke ya yi kamar ya karkace, mai saye ya zaci lanƙwasasshe ne. Tsayin kyamara ya zo daidai inda wuya ya haɗu da jiki, kuma ta miƙe, kada ta sunkuya. Kunna layukan da ke raba fuskar waya gida tara, ka daidaita wuyan da ɗaya daga cikinsu.

Danna yatsa a kan jaki ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja hasken sama ko ƙasa da hannu. Sa agogon ɗauka na daƙiƙa 3 don girgizar yatsanka ta lafa. Guji tsarin nan da ke dusashe baya don hoton fuska: yana cinye tsirkiyoyi da maɗaura, domin bai san su ba.

Mai babbar kyamara ya sa ISO 100, buɗewar ido f/8 zuwa f/11, gilashi mai tsawon milimita 50 zuwa 100, ya bar saurin ɗauka ya yi jinkirin da yake so tunda tana kan ƙafa. A hoton farko ka sa farar takarda kusa da jitar. Da ita za ka daidaita launi daga baya.

6. Hotunan da mai saye ke nema

Gaba gaba ɗaya, baya gaba ɗaya, sannan jiki kaɗai daga kusa. Ɗaya a ɗan karkace don a ga kauri. Kan jitar ta gaba inda sunan kamfani yake, da bayansa inda maɗaura suke. Lambar ƙira: a jitocin kamfanin Gibson tana bayan kai, a da yawa daga cikin jitoci masu rami kuma tana kan takardar da ke cikin ramin ko kusa da ita. Don ɗaukar cikin rami, haska ƙaramar tocila ta gefe ta bayan farar takarda. Shawarata ka rufe lambobi 2 ko 3 na ƙarshe a hoton da kowa zai gani, saboda 'yan damfara suna kwashe irin waɗannan hotuna su tallata kayan da ba su da shi. Mai saye na gaskiya ka tura masa cikakkiya.

Wanda ya san jita kuwa, wuya yake dubawa kafin fenti. Tsayar da rula a kan ƙarfe na 12 na wuyan, inda yawanci ake sa ɗigo biyu, ka sunkuyar da kyamara daidai gefen wuyan, a ga tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen. A jita mai lafiya takan kasance wajen milimita 2 zuwa 3. Ta lantarki takan ɗan fi ƙasa. Ɗauki wani daga kan jitar kana leƙen tsawon wuyan, a ga miƙewarsa. Ɗauki ƙarafan farko na kusa da kai, nan ne tsirkiya ke fara cin rami. A jita mai rami, nuna bayan jaki daga gefe, a ga ko ya fara ɗagowa ko katakon ya yi tozo. A ta lantarki, nuna maganaɗisun ɗaukar sauti, maɓallai da ramin da ake soka waya.

Idan ta gwanjo ce, nuna duk inda ta ji ciwo. Haske daga gefe sosai, yana shafar fenti, shi ke fito da zane da tsaga; ajiye rula ko tsinken ashana kusa don a gane girmansu. Na san zuciya ba ta son wannan hoton, amma haƙƙin mai saye ne, kuma shi ke hana a dawo maka da kaya ana rigima bayan an biya kuɗin mota. Jaka ko akwati, igiyar rataya da waya, haɗa su a hoto ɗaya na ƙarshe.

7. Launuka masu gardama

Baƙar jita ta fi kowace wahala. Kyamara za ta so ta haskaka ta har ta koma toka, don haka rage hasken da hannu. Kada ka sa ta a baƙin yadi, za ta nitse. Toka-toka ya fi, da farin kwali a kowane gefe don bakinta ya fito. Sake bin ta da burushi kafin kowane hoto. Farar jita kuma akasin haka: ƙara haske kaɗan, ka sa ta a yadi mai duhu. Mai launin da ya yi duhu a gefe ya washe a tsakiya, auna haskenka a tsakiyar, ka tabbata bakin bai haɗe da baya ba. Ja mai ƙarfi wayoyi sukan zuzuta shi, sai ka rage a wurin gyara.

8. Goge, kukuma, garaya, gurmi da kuntigi

Waɗannan namu ba su da fenti mai sheƙi, don haka damuwarsu daban ce. Abin da ake so a gani shi ne aikin hannu: fatar da aka ja a bakin ƙwarya ko katako, ƙusoshi ko ɗinkin da ya riƙe ta, ɗaurin tsirkiya a jikin sanda. Haske daga gefe shi ke tayar da wannan, ya nuna ƙwayar fatar goge ɗaya bayan ɗaya. Hasken gaba yana shafe ta ta zama fili.

Ƙwaryar goge ba ta zama da kanta. Naɗa tsumma ka yi gammo ka ɗora ta, ka ɓoye gammon ta baya. Izgar da ke jikinsa da ta bakansa kada ka taɓa da hannu, maiƙo yana hana ta kama ƙaro, kuma farin garin ƙaron da ke kan fata a bar shi, alamar kayan yana aiki ce. Ƙura kawai za ka kaɗe. Ajiye bakan a gefe a ɗan gicciye, ka sa yadi mai duhu don izgar ta fito. Nuna bayan ƙwarya da kyau, can tsaga take ɓuya, da ramin da ke jikin fata. Kuntigi ƙarami ne, gwangwanin jikinsa kuma yana ƙyalli, sai ka matso da baƙin kwali ta gefen da ya yi yawa. Tunda waɗannan kayan ba su da girma ɗaya tsayayye kamar jitar kamfani, sa rula a hoto guda, ko a ɗauka a hannun mai kaɗawa. Tabarma ko saƙi a ƙarƙashi yana yi musu kyau a hoton talla, amma babban hoton a bar shi a fili mara zane.

9. Gyara da turawa

Manhajojin gyaran hoto irin su Snapseed ko Lightroom na waya sun wadatar. Miƙar da hoton, yanke gefe ka bar wa kai da gindin jitar sarari, daidaita launi da farar takardar nan, ɗan ɗaga inuwa. Riƙe jitar kusa da fuskar wayar a hasken taga ka gwada. Idan launin bai zo ɗaya ba, koma ka gyara. Ɗigon ƙura kana iya gogewa, amma zane ko tsaga ba a gogewa. Manhajojin da ke cire baya da kansu sukan gutsure maɗaura da bakin tsirkiya, don haka faɗaɗa ka duba kafin ka amince da su.

Adana hoton da dogon gefensa ya kai ɗigo (pixel) 2000 ko fiye. A Instagram, faɗin ɗigo 1080 da tsayin 1350 ya dace da jita a tsaye. Inda ake buƙatar murabba'i, kwantar da ita a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. WhatsApp yana matse hoto har tsirkiyoyi su dagule, saboda haka idan mai saye ya nemi ya duba da kyau, tura masa a matsayin fayil, ko ka danna HD kafin ka aika. Sa hoton gaba gaba ɗaya ya zama na farko a jerin, na wuya da na rauni su biyo baya, kuma ka ajiye na asali a wayarka har sai kaya ya isa hannun mai shi ya ce ya gamsu.